DARASI KAN LAFIYA: GISHIRIN TUKUNYA DA HAWAN JINI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba mu lafiya, ya sanya ta amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, a cikin ƴan shekarun nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun tashi daga masallaci mun tafi duba wani daga cikinmu wanda jiya yana sahun gaba, yau yana kwance, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce jifa aka yi masa. Amma idan aka kai shi likita aka ɗaura masa abin awo a damtse, sai a tarar jininsa ya daɗe da hawa, shi bai sani ba, iyalinsa ba su sani ba. Wannan shi ya sa muka keɓe darasin wannan fitowa ga ɗaya daga cikin manyan sabubban cutar, wanda yake cikin kowane gida, wato gishiri. Kuma za mu faɗi abin da masana lafiya suka tabbatar, ba tare da mun ƙara wa zance gishiri ba.

FASALI NA FARKO: MENE NE HAWAN JINI?

Ku sani, jikin babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, zuciya kuwa tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya domin ta tura shi ko'ina cikin jiki. Wanda ya taɓa aikin garka ya san injin ban ruwa da tiyonsa. To, zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Ƙarfin da jini ke dannar bangon jijiya da shi yayin wucewa, shi ne ma'aikatan lafiya ke aunawa, shi ne mutanenmu ke kira tansiyo.

Awon yana da lamba biyu. Ta sama tana nuna ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. A ƙasarmu akan ce 12 bisa 8 ga mai lafiya. A Nijeriya da wasu ƙasashe wannan awon ne ake rubutawa 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka samu ta sama ta kai 14 ko ta wuce, ko ta ƙasa ta kai 9 ko ta wuce, to yana da hawan jini.

Babbar illar wannan cuta ita ce kisan mummuƙe take yi. Mafi yawan masu ita ba su jin ciwon kai, ba su jin jiri, suna noma da kasuwancinsu shekara da shekaru, alhali tana cin su daga ciki. Jijiyar ƙwaƙwalwa takan fashe ko ta toshe, sai ɓarin jiki ya shanye. Zuciya takan yi kauri ta gaji, sai haki da kumburin ƙafafu. Ƙoda takan lalace har ta kai ga wankin ƙoda, wanda kowa ya san irin wahala da asarar dukiya da ke cikinsa. Ido ma yakan dushe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

FASALI NA BIYU: YADDA GISHIRI KE HAWAR DA JINI

Gishirin da muke ci sinadari biyu ne a haɗe. Wanda ya shafi darasinmu sunansa sodiyom, shi ne kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri. Jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi jijiyoyi ke kai saƙo, da shi tsoka ke motsi. Sai dai abin da jiki ke bukata kaɗan ne ƙwarai, bai kai giram 2 na gishiri a kwana ba.

Daga cikin hikimar halitta, jiki yana tsare gishirin da ke cikin jini a kan gwargwado guda, kimanin giram 8 a kowace lita ta ruwan jini. Idan mutum ya ci fiye da kima, dole jiki ya nemo ruwan da zai tsarma shi. Shi ya sa ƙishirwa ke kama wanda ya ci kilishi ko tsire mai yaji. Ya sha ruwa, jiki ya riƙe ruwan, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi, zuciya ta ƙara ƙarfin turawa. Ƙoda ce aka ɗora wa fitar da rarar gishiri ta fitsari, kuma ƙodar yaro mai lafiya takan yi wannan aiki ba wuya. Amma idan aka yi shekaru ana labta mata kayan da suka fi ƙarfinta, sai ya zamana ba ta iya fitar da gishirin sai jini ya hau. Su kuma jijiyoyi, saboda dannar yau da gobe, sukan yi tauri su ƙuntata, kamar tiyon da ya sha rana. Daga nan hawan ya zauna ke nan.

Ga wata shaida da kowa zai iya fahimta. Daga cikin magungunan da likitoci ke fara bai wa mai hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, kuma babban aikinsu shi ne su taimaki ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Ashe wanda ke shan irin wannan magani da safe, ya kuma cika miya da gishiri da dare, yana ɗebo ruwa ne da ƙwaryar da ya huda da hannunsa.

Mutane sun bambanta wajen yadda gishiri ke tasiri a jikinsu. Tasirin ya fi ƙarfi ga tsofaffi, da masu ƙiba, da masu ciwon sukari ko ciwon ƙoda, kuma bincike ya nuna ya fi ƙarfi ga baƙar fata. Saboda haka maganar ta shafe mu fiye da wasu. Ba kuma gishiri kaɗai ke kawo cutar ba: akwai gado, da shekaru, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da giya, ga kuma taba da ke ƙara lalata jijiyoyi. Amma gado da shekaru ba a hannunmu suke ba, gishiri kuwa da hannunmu muke zuba shi.

FASALI NA UKU: HUJJOJIN MASANA

A shekarar 1988 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna Intersalt, wanda aka yi a kan mutum sama da 10,000 a wurare 52 cikin ƙasashe 32, ana auna jininsu da gishirin da ke fita a fitsarinsu. An ga cewa inda ake yawan cin gishiri, jini na ƙara hawa yayin da mutum ke manyanta. A cikinsu akwai ƙabilar Yanomami ta dazukan Barazil, wadda ba ta sa gishiri a abinci. Abin da suke ci bai kai giram 1 a kwana ba. Awonsu kimanin 9 da rabi ne bisa 6, kuma na tsohonsu bai wuce na saurayinsu ba. Wannan ya nuna hawan jini ba wajibin tsufa ba ne kamar furfura.

A 2013 masana suka tattara gwaje-gwaje 34 da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga cewa rage kimanin giram 4 da rabi na gishiri a kwana, tsawon wata ɗaya ko fiye, yana saukar da lambar sama ta mai hawan jini da wajen rabin lamba, misali daga 15 zuwa 14 da rabi. Kada mai karatu ya raina wannan, domin binciken da aka yi kan magungunan hawan jini ya nuna saukar rabin lamba tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kimanin kashi 10 cikin 100.

Sai kuma gwajin ƙasar Sin, wanda aka bayyana a 2021. An ɗauki mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600, waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki ko dattawa masu hawan jini. Rabin ƙauyukan suka ci gaba da gishirinsu na kullum, rabi aka ba su gishirin da aka cire rubu'insa aka maye da wani sinadari mai suna fotasiyom. Bayan kusan shekara 5, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wurin waɗanda aka sauya wa gishiri, mutuwa kuma da kashi 12. Abin lura a nan shi ne waɗannan mutanen ƙauye ne masu dafa abincinsu a gida kamar mu, kuma abin da aka taɓa kawai shi ne abin da ke shiga tukunya.

FASALI NA HUƊU: GWARGWADON DA YA DACE

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a kwana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsotse ba. Wannan ya haɗa duk abin da ya ci tun daga karin safe har zuwa tuwon dare. Yara kuma ƙasa da haka, gwargwadon cinsu. Amma ƙiyasin da hukumar ta bayar a 2023 ya nuna matsakaicin abin da mutum ke ci a duniya ya kusa giram 11, fiye da ninki biyu, kuma ana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 1 da dubu 900 a kowace shekara da wannan wuce haddi.

Da yake mu a tukunya ɗaya muke dahuwa, a akushi ɗaya muke ci, lissafin gida ya fi mana sauƙi. Gida mai mutum 10, iyakarsa giram 50 a kwana. Ma'ana, kilo ɗaya na gishiri ya kamata ya kai shi kwana 20 ko fiye, wannan ma idan ba a sa magi ko kanwa ba, kuma ba a ci komai a waje ba. Kowane maigida ya duba ranar da aka sayo gishiri da ranar da ya ƙare, ya raba da yawan bakunan gidansa, zai san inda ya tsaya.

FASALI NA BIYAR: INDA GISHIRI KE ƁUYA

A ƙasashen Turai mafi yawan gishirin da mutane ke ci yana zuwa ne cikin abincin da masana'antu suka haɗa, shi ya sa hukumominsu ke matsa wa kamfanoni. A Ingila, ta wannan hanya, cin gishiri ya sauka daga giram 9.5 a 2003 zuwa 8.1 a 2011. Afirka ta Kudu ma ta kafa doka a 2013, ta fara aiki a 2016, wadda ta ƙayyade gishirin burodi da na dunƙulen miya da wasu kayan abinci. Mu kuwa mafi yawan namu daga madafarmu yake fitowa, ta ƙofofi kamar haka.

Ta farko, gishirin kansa. Ƙasarmu ƙasar gishiri ce; tun kaka da kakanni ayarin raƙuma ke ratsa Tenere zuwa Bilma da Fashi su ɗauko kantu da beza, ga na Tigidda, ga na Manga, ga na Fogha. Wasu na zaton gishirin gargajiya ba ya cutarwa, na leda ne mai illa. Wannan kuskure ne. Manda da beza da na leda duk sodiyom ne ke cikinsu, kuma jiki bai san daga inda aka ɗauko shi ba.

Ta biyu, dunƙulen miya da muke kira magi, ko wane iri ne. Rabin nauyinsa ko fiye gishiri ne. Babban dunƙule mai giram 10 yana ɗauke da kusan rabon mutum ɗaya na kwana guda cur. Mace ta ce ta rage gishiri, alhali ta marmasa dunƙule huɗu a miya, to ba ta rage komai ba. Farin magi ma akwai sodiyom a cikinsa, ko da yake bai kai na gishiri ba.

Ta uku, kanwa. Da yawa ba su san kanwa ƴar'uwar gishiri ba ce wajen sodiyom. Muna sa ta a wake don ya yi saurin nuna, a ɗanwake, a miyar kuɓewa, masu cin taba gari suna haɗa ta da ita, wasu suna jiƙa ta su sha don ciwon ciki. Mafi haɗari shi ne kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego kullum har ta yi arba'in. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kanwa da wankan ruwan zafi. Binciken baya-bayan nan ya nuna akwai wasu sabubba, irin su rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na lokacin ciki. Duk da haka, babu saɓani cewa mai jegon da jininta ya hau, ko take haki, ko ƙafafunta suka kumbura, kanwa na ƙara mata nauyi, kuma likita ya kamata a kai ta ba tare da jinkiri ba.

Ta huɗu, abincin kasuwa da na tasha: yajin tsire da na awara, wanda gishiri da magi ne suka fi yawa a cikinsa, da kilishi, da soyayyar fara, da kifin gwangwani, da taliyar leda mai zuwa da garin ɗanɗanonta, da burodi wanda ba a jin gishirinsa a baki amma yana ciki. Har ƙwayoyin magani masu tafasa idan an jefa su a ruwa suna ɗauke da sodiyom mai yawa, mai hawan jini ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya saba da su.

FASALI NA SHIDA: AMSAR WASU TAMBAYOYI

Mai tambaya zai ce: mu da ke ƙasar zafi muna zuba gumi, ba mu fi bukatar gishiri ba? Amsa ita ce, jikin da ya saba da zafi yana rage gishirin da ke fita cikin guminsa. Manomi ko lebura da ya yini yana aiki cikin rana yana asarar gishiri, abincinsa na kullum kuma yakan mayar masa. Amma mai zaman shago ko inuwar bishiya, abin da ya fi bukata ruwa ne.

Wani zai ce: to ruwan gishiri da sukari da ake bai wa mai zawo fa? Wannan magani ne mai ceton rai, musamman ga yara, kuma darasinmu bai shafe shi ba. Kada kowa ya hana shi da sunan gudun gishiri.

Wani zai ce: an umurce mu da cin gishiri mai iyod don tsare maƙoƙo. Haka ne, kuma babu karo tsakanin maganganun biyu. A sayi mai iyod, a sa kaɗan.

Wani kuma zai ce: idan na rage gishiri, zan iya barin magani? A'a. Wanda aka ɗora a kan magani ya ci gaba da sha kullum ko da yana jin garau, lokotoro ne kaɗai zai rage masa. A watan azumi ma kada ya ajiye shi, ya nemi a tsara masa lokacin sha tsakanin buɗa baki da sahur. Haka mai ciki, hawan jininta hukuncinsa daban ne, rage gishiri ba ya maye mata awon ciki. Shi kuma gishiri mai fotasiyom da muka ambata, mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini kada su taɓa shi sai da iznin likita.

FASALI NA BAKWAI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA YI

Na ɗaya, a rage a tukunyar gida baki ɗaya. Ware wa tsoho tasa miya ba ya ɗorewa, yakan ji an mayar da shi saniyar ware, ya koma wa akushin jama'a. Su ma yara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harshen da ya tashi da gishiri kaɗan ba ya neman mai yawa.

Na biyu, a bi a hankali. A rage rubu'i a wannan wata, a ƙara ragewa a wata mai zuwa. Harshe yakan saba cikin ƴan makonni, har mutum ya ɗanɗana miyar da yake ci a da ya ji ta yi zartsi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, a auna da cokali, a bar ɗiba da hannu. Idan an sa dunƙule, a janye gishiri. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai da kanwa mai yawa ba.

Na huɗu, a koma ga kayan ƙamshinmu na asali: daddawar kalwa, albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba, tattasai, tsamiya da lemun tsami. A yawaita wake, zogale, yakuwa, kabewa, tumatir, dankali da ƴaƴan itace, domin fotasiyom da ke cikinsu yana taimakon ƙoda wajen fitar da gishiri.

Na biyar, kuma wannan gare mu ne mu maza. Sau da yawa mace ba don son ranta take cika gishiri da magi ba, tsoron kada maigida ya ture akushi ya ce miya ta yi lami ne, ko a yi mata gori gaban kishiya. Muddin muna auna iya girkin mace da yawan dunƙulen da ta sa, babu abin da zai sauya. Maigida ya zaunar da iyalinsa ya gaya musu shi ne ya nemi a rage, ya kuma yaba idan an rage.

Na shida, kowane baligi ya je a auna jininsa, musamman wanda ya haura shekara 40, aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba ya jin komai. Awon ba ya ɗaukar minti biyar, kuma babu allura a cikinsa. Idan kuwa aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a garzaya da shi likita a wannan sa'a, kada a tsaya jiran gari ya waye.

KAMMALAWA

Ya ƴan'uwa, ajali na hannun Allah, amma riƙo da sababi aikinmu ne. Da yawa cikin abubuwan da ke kawo cuta suna bukatar kuɗi kafin a kauce musu, wannan kuwa ragi ne, har kuɗin cefane yake sauƙaƙawa. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa iyalinsa, musamman waɗanda ke riƙe da ludayi, ya kuma ɗauki mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya kai su awo cikin wannan mako. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu amfana da abin da muka ji. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.